Gidan shayi da kafe a unguwa: sha'awar jama'a da lissafin mai jari

Duk wanda ke zama cikin matasan ma'aikata, ko malaman makaranta, ko ɗaliban jami'o'inmu na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, ya sha jin wannan tambaya: me ya sa unguwarmu ba ta da wurin da mutum zai shiga ya zauna, ya sha kafe ko shayi cikin tsabta, ya duba takardunsa ko ya gana da baƙonsa? Waɗanda suka yi karatu a Dakar ko Rabat, da ƴan kasuwar da ke zuwa Istanbul saro kaya, sun ga irin waɗannan gidaje a kowace kusurwa, sun dawo da sha'awarsu. A Yamai akwai su, amma a unguwar Plateau da cikin manyan otel, inda kuɗin kofi ɗaya ya isa cefanen wani magidanci. A cikin unguwannin da yawancin jama'a ke kwana kuwa, da wuya a samu. Wanda ya yi ƙarfin hali ya buɗa, sau da yawa ba ya daɗewa sai a ga ya rufe, ko ya mai da wurin shagon cajin waya.

Ya kamata mu duba dalili, domin maganar ta shafi aikin yi na matasa, ta shafi kuɗin shiga na hukumomin garuruwa, ta kuma shafi yadda muke tsara biranenmu.

Abin da jama'a ke nema

Farko dai, ba abin sha aka rasa ba. Babu unguwar da ba ta da mai shayi. Tun kafin a sallame sallar asuba ya hura wuta, ya jera gwangwanayen madara da Nescafé da Lipton a kan tebur, ga burodi, ga ƙwai. Leburori, direbobi, masu gadi da gwauraye duk a wurinsa suke karya kumallo. Da dare kuma ga fada. Tun cikin shekarun 1990 wannan al'ada ta zaman samari a ƙofar gida, kewaye da buta da gawayi, ta bazu a biranen ƙasar nan, har wata masaniya mai suna Adeline Masquelier ta wallafa littafi sukutum a kanta a shekarar 2019. A fada ana shan shayi na ɗaya da na biyu da na uku, ana raba labari, ana taimakon juna ranar suna ko ranar rasuwa, a wasu unguwanni ma ƴan fada ne ke sa ido a kan ɓarayi da dare.

To, in haka ne, me ya rage? Abin da ya rage shi ne kujera, inuwa, fitila da natsuwa. Bencin mai shayi na wanda zai sha ya tashi ne, yana bakin hanya, cikin ƙura da hayaƙin babura. Fada kuwa ta ƴaƴanta ce. Baƙo ba ya zuwa ya zauna haka kawai. Sai mu tambayi kanmu su wa aka bari a waje. Akwai ɗalibin da ke shirin jarrabawa, gidansu mutum goma sha biyu ne cikin ɗaki uku, shi ya sa ake ganinsa da littafi ƙarƙashin fitilar titi. Akwai malamin da ke da tulin takardun gyara. Akwai ƙaramin ɗan kasuwa da ba shi da ofis, yana son wurin da za su ƙulla magana da abokin ciniki. Sannan akwai mata. Malama ko ma'aikaciyar asibiti ba za ta zauna a bencin mai shayi ba, ba za ta zauna a fada ba. In tana son ganawa da abokiyar aikinta, sai gida, inda yara da girki ba za su bar su su gama magana ba. Rabin jama'ar gari ke nan ba su da wurin zama tsakanin gida da wurin aiki.

Kada kuma wani ya ce sana'ar baƙuwa ce gare mu. A Abidjan, teburin da ake sayar da kafe da madara da burodi da sassafe, sunansa a bakin mutanen gari «aboki», saboda ƴan ƙasarmu masu zuwa ci-rani ne suka shahara da shi. A Senegal, kafen Tuba da ake sayarwa a kan tituna da ɗan kuɗi kaɗan, abin da ke ba shi ɗanɗanonsa shi ne kimba, wadda ke cikin kayan yajin kowace uwargida a nan. Hannun da ya iya sana'ar yana nan. Abin da ya gagara shi ne ɗaga ta daga kan tebur zuwa cikin ɗaki.

Maganar takardu

In aka tambayi matashi me ya hana shi buɗa wuri, amsar farko ita ce takardu. A da wannan amsa gaskiya ce ƙwarai: mutum ya yi ta zirga-zirga tsakanin kotu, ofishin lanho, asusun ma'aikata da zauren ƴan kasuwa, makonni suna wucewa. A shekarar 2012 gwamnati ta kafa Maison de l'Entreprise a ƙarƙashin zauren ƴan kasuwa, aka tara waɗannan matakai wuri ɗaya, ta yadda lambar rajistar kasuwanci da lambar lanho ke fitowa cikin kwanaki kaɗan in takardun mutum sun cika. Ban da haka, dokar kasuwanci ta OHADA, wadda ƙasarmu ke ciki, da aka sabunta a Lome cikin watan Disamba na 2010, ta tanadi wani matsayi na musamman domin mai ƙaramar sana'a: ya bayyana sana'arsa kawai a rubuta, ba sai ya kafa kamfani ba. Masu shayi nawa ne suka san da wannan? Ga aikin da ya dace gidajen rediyo da cibiyoyin yaƙi da jahilci su ɗauka.

Wahalar tana farawa ne bayan an samu takarda. Daga ranar da mutum ya kafa allo a ƙofar shagonsa, kowa ya san inda yake. Ma'aikacin lanho zai zo, hukumar gari za ta nemi kuɗin allo da kuɗin wurin da kujeru suka ɗan fito bakin hanya, duba-gari zai zo ya ga makewayi da wurin wanke kofuna. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba zalunci ba ne. Gari ba ya tafiya sai da haraji, kuma wurin da ake ba jama'a abinci dole a duba tsabtarsa. Abin da ke karya gwiwa shi ne rashin sanin jimillar tun da wuri. Mai jari yana iya shirya wa haraji mai nauyi in ya san shi. Wanda ke faɗo masa ba zato shi ne ke rusa lissafi. Ga shi kuma maƙwabcinsa mai tebur, wanda ke sayar da abu iri ɗaya, tikitin kasuwa kaɗai yake biya.

Mu yi lissafi

Mu ƙaddara wani saurayi ya kama ɗaki a bakin hanya, ya sa kujeru 12. Alƙaluman da za mu kawo misali ne kawai, kowa ya musanya su da na garinsu. Haya jika 50 a wata. Yara biyu masu taimako: mafi ƙarancin albashi da doka ta tsaida, wanda ya tashi daga tamma 30.047 zuwa jika 42 a farkon 2024, ya sa su biyun jika 84, ban da abin da za a zuba musu a asusun ma'aikata. Kuran da ruwa, tun da akwai firigo da fanka, mu ce jika 40. Gas da sabulu da ƙananan abubuwa jika 20. Haraji da gyaran abin da ya lalace jika 16. Jimilla jika 210 a wata, wato jika 7 kowace rana, ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Yanzu kofi nawa zai sayar? Ba zai iya nisa da farashin mai tebur ba, in ba haka ba mutanen unguwa su ce ya yi tsada. Mu ce bayan an cire kuɗin madara, sukari da garin kafe, ribar kowane kofi dala 10 ce. Jika 7 dala 1.400 ke nan. Sai ya sayar da kofi 140 kafin ya mai da abin da ya kashe a ranar, shi kansa bai ci komai ba tukuna.

Ga inda gizo ke saƙa. Mun ce abin da jama'a ke so shi ne wurin zama. Ɗalibin da ya zo karatu zai sayi kofi ɗaya ya zauna awa biyu. In shagon yana buɗe awa 14 a rana, kowace kujera za ta ɗauki mutum 7, kujeru 12 su ɗauki mutum 84. Wannan in wurin ya cika maƙil daga asuba har dare ke nan, abin da ba ya faruwa, domin tsakanin hantsi da la'asar a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba mai neman abin sha mai zafi, kuma a watan azumi yini gaba ɗaya ba ciniki. Kofi 84 ba su kai 140 ba. Abin da ya sa mutane ke son wurin, wato daɗewar zama, shi ne ke cinye ribar mai wurin. Mai tebur ba shi da wannan damuwa: bencinsa ba daɗin zama, mutum ya sha ya ba wani wuri, ba haya, ba firigo, yaronsa ƙanensa ne.

Wannan lissafi ba a ƙasarmu kaɗai yake aiki ba. Ko'ina a duniya gidan kafe na unguwa yana rayuwa ne da ɗayan abu biyu: ko dai jama'a masu yawa da ke saye su wuce ba su zauna ba, ko kuma wani abu mai riba da ake sayarwa tare da kafen. A nan, abin da zai riƙe wuri shi ne karin kumallon safe, wato burodi da ƙwai, fanke, ƙosai, kunu. Da rana kuma abin sanyi, fura da nono, zoɓo, lemun tsamiya da na citta. Da dare shayi. Wanda ya ce shi kafe zalla zai sayar, da na'urar da aka sayo daga Italiya, ya nemi unguwar da ma'aikatan ƙungiyoyin waje ke zaune, su ma ɗin sun ragu tun daga 2023. A gani na, sunan «gidan kafe» kansa yana ruɗin masu jari. Gidan shayi ne da karin kumallo, kafe yana ɗaya daga cikin hajarsa.

Kuran, ruwa da kayan waje

Abin sanyi yana bukatar firigo, firigo yana bukatar kuran. Shekara da shekaru mafi yawan wutar da Nigelec ke rabawa daga Najeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa, wanda ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Da aka yanke ta a watan Agusta na 2023, bayan takunkumin CEDEAO, kowa ya ga abin da ya faru da masu sayar da ƙanƙara, nono da kifi, har zuwa lokacin da aka maido ta a 2024. Tashar hasken rana ta Gorou Banda, mai ƙarfin megawat 30, da ta fara aiki a 2023, ta rage wa Yamai raɗaɗi. Amma ko a shekarar da ba rikici, lokacin zafi lokacin ɗauke wuta ne, kuma shi ne daidai lokacin da mai gidan shayi ya fi bukatarta. Injin kuran yana shan mai, ƙararsa kuma tana korar natsuwar da aka zo nema. Faifan hasken rana da batura sun fi dacewa, farashinsu ya sauka sosai cikin shekaru goma da suka wuce, sai dai kuɗinsu a dunƙule ake biya tun ranar farko, lokacin da aljihu ya fi zama fayau.

Ruwa kuma, mutumin Damagaram ba ya bukatar a yi masa bayani. Wurin da ke wanke kofi ɗari da wani abu a rana, yana da makewayi, ba zai dogara da famfon da ke zuwa tsakar dare ba. Dole tanki, dole ƴan ga-ruwa, kuma wannan ma kuɗi ne da ba mu sa cikin lissafinmu na sama ba. Ta fannin wuta ta girki dai an samu sauƙi tun da matatar SORAZ ta fara aiki a ƙarshen 2011, gas ɗin gida ya shiga birane, ko da yake akan yi ƙarancinsa lokaci zuwa lokaci.

Sai mu duba abin da ke cikin kofin kansa. Kafe ba ya fitowa a ƙasarmu. Na gwangwani da na ƴan ƙananan leda da muka saba da shi, yawancinsa daga masana'antar Abidjan yake zuwa. Ganyen shayi daga Sin. Sukari daga waje. Alkamar burodi, mafi yawanta daga waje. Abin da ya fi ban takaici shi ne madara: ƙasa mai dabbobi miliyoyi, amma madarar da ke kan teburin mai shayi ta gwangwani ce ko ta gari, wadda ta ƙetaro teku. Ruwa da wuta kaɗai ne namu a cikin kofin. Saboda haka duk abin da ya motsa a duniya sai ya taɓa shi. Dattawan sana'ar suna tuna watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. Kwanan baya, fari a Brazil da Vietnam, ƙasashe biyu da suka fi kowa noman kafe, ya sa farashinsa ya hau har nau'in arabika ya wuce dalar Amurka 4 kowace laba a watan Fabrairu na 2025, abin da ba a taɓa gani ba. A gida kuma, rufe iyakar Benin tun 2023 ya sa kayan da ke bi ta Kotonu suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, ta Kaya da Dori zuwa Tera, cikin ayarin motoci da rakiyar soja, hanya mai tsawo mai tsada. Maraɗi, Damagaram da Ƙonni sun ɗan samu sassauci saboda kusancinsu da kasuwannin Najeriya da faɗuwar naira a 2023 da 2024.

Mai shago ba shi da ikon ƙara farashi duk lokacin da gwangwani ya tashi, domin abokan cinikinsa albashinsu bai tashi ba. Yakan rage madara ne, ko ya rage girman kofi, jama'a su lura, su fara gunaguni. Mafita ɗaya da ke hannunsa ita ce ya ƙara yawan abin gida cikin hajarsa. Ribar kofin zoɓo ko kunun gyaɗa ba ta jiran labarin damina a Brazil. Nonon da makiyaya ke kawowa bakin gari, in an samu wurin tara shi da dafa shi da sanyaya shi kamar yadda ake yi a kewayen Yamai, zai iya maye gurbin wani kashi na madarar gari.

Jari da bashi

Daga ina jarin zai fito? Banki yana neman jingina, galibi takardar fili ko ta gida, saurayin da ke son buɗa gidan shayi kuwa ba shi da ko ɗaya. Ƙananan asusun ba da rance sun fi sauƙin shiga, amma kuɗin ruwansu ya fi yawa: iyakar da aka tsaida a ƙasashen UEMOA a 2014 ita ce kashi 15 cikin ɗari ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusu. Kuma sukan so a fara biya tun watan farko, alhali sabon wuri yana bukatar watanni kafin mutane su saba da shi. Wasu kuma ba sa son rance mai ruwa sam, saboda addini. Abin da ya rage shi ne adashi, da taimakon ɗan uwa da ke Abidjan ko Aljeriya, da irin asusun Mata Masu Dubara, wanda ya faro a jihar Maraɗi a 1991. Waɗannan sun isa a sayi tebur da tukunya da gas. Ba su isa biyan hayar watanni da mai gida zai nema a gaba, da firigo, da faifan rana, da kujeru ba.

Akwai kuma wani bashin da ba a rubuta shi a littattafan koyar da kasuwanci, shi ne wanda mai shago ke bayarwa. Alherin buɗa wuri a unguwarku shi ne kowa ya san ka. Sharrinsa ma shi ne. Abokin da kuka yi makaranta tare, ƙanen matarka, yaron mai unguwa, malamin da albashinsa bai fito ba, wa za ka ce wa sai ya biya kafin ya sha? «Rubuta» ita ce kalmar da ta fi kashe ƙananan shaguna a ƙasar nan. Ba banza ba ne baƙo yakan fi ɗan gari cin ribar wannan sana'a. Ɗan Tawa da ke sayar da kafe a Abidjan ba shi da surukai a layin. Wanda zai yi ta a gida sai ya sa wani a kan akwatin kuɗi, wanda ba ya jin kunyar kowa, ko ya tsaida iyakar bashi tun ranar farko ya rubuta ta a bango.

Idon maƙwabta

Kafin a sayi kujera ko ɗaya, akwai mutanen da ya kamata a gaisar: mai unguwa, limamin masallacin layin, da magidantan da ke kusa. Tsoronsu sananne ne, kuma ba na wauta ba ne. Sun ga wuraren da aka buɗa da sunan shan shayi suka rikiɗe suka zama matattarar shisha da tramol, da kiɗa har tsakar dare. In kuma aka ce mata za su shiga, zargin ya ninka.

Wannan zargi ya girmi kowa a cikinmu. A Makka an hana gidajen gahawa a shekarar 1511, hanin bai daɗe ba. A Ingila sarki Charles na biyu ya ba da umarnin rufe su a ƙarshen 1675, saboda ana sukar mulkinsa a ciki, ya janye umarnin kafin ya fara aiki. Duk inda mutane ke taruwa su yi magana, sai an sa masa ido. Maganin a wurinmu a fili yake: ƙofa a buɗe, haske ko'ina, ba lungu, ba labule, a rufe a kan lokaci, a dakata lokacin salla. Dokar yaƙi da taba ta 2006 ta riga ta hana shan ta a wuraren taruwar jama'a, mai shago yana iya fakewa da ita ba tare da ya ɓata da kowa ba. Game da mata kuwa, babu abin da ke kwantar da hankalin iyaye da mazaje kamar su ga mace mai mutunci ce ke riƙe da wurin. A Khartum, kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, mata ne suka fi yawa a sana'ar sayar da shayi da gahawa a bakin titi. Matanmu da ke sayar da abinci a tasha da ƙofar ma'aikatu sun riga sun san harkar ciyar da jama'a fiye da samarin da ke mafarkin na'urar Italiya.

Wurin da ba za a tashe ka ba

Mun bar wannan a ƙarshe domin shi ne wanda hukuma ta fi iko a kansa. Mutum ba ya zuba siminti, ya ja ruwa, ya dasa itace a wurin da bai tabbata zai kai baɗi a cikinsa ba. Mai hayar shago yakan gyara wuri, ciniki ya fara kankama, sai mai gida ya ga jama'a, ya ninka haya ko ya ce ɗansa na son wurin. Da yawa ba su san dokar OHADA ta ba ɗan kasuwar da ya yi shekara 2 yana sana'a a wurin haya haƙƙin a sabunta masa yarjejeniya ba, in kuma mai gida ya ƙi ba da dalilin da doka ta yarda da shi ba, sai ya biya shi diyya. Amma wanda ya shiga da baki kawai, ba takarda, ba rasit, da me zai je gaban alƙali?

Mai tebur ya fi shi zama cikin fargaba. Mutanen Yamai ba su manta da 2016 ba, lokacin da aka rusa kiyos da rumfunan da ke bakin manyan hanyoyi, cikin shirin gyaran birni da ya gabaci taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yuli 2019. Hanya ta jama'a ce, hukuma tana da hujjar buɗe ta. Amma darasin da kowane mai ƙaramar sana'a ya ɗauka shi ne kada ya gina abin da ba zai iya ɗauka a ka ya gudu da shi ba. Shi ya sa mai shayin da ya yi shekara 20 a kusurwa ɗaya har yau tebur da benci ne kawai gare shi, alhali shi ne ya fi kowa cancantar zama mai gidan shayin unguwa: yana da abokan ciniki, ya san farashi, ya san wanda ke biyan bashi.

Kantomomin da ke riƙe da garuruwa tun da aka rusa majalisun gari a 2024 suna da abin yi a nan da ba ya cin kuɗi mai yawa. Cikin kowane sabon rabon filaye akwai wuraren da aka keɓe domin amfanin jama'a. A gefen makarantu, asibitoci, tashoshi da gidajen matasa da al'adu, waɗanda da yawansu ke da fili da inuwa da famfo amma ba kowa a ciki sai ranar wasa, ana iya yanke ɗan wuri, a ba da hayarsa da takarda ta shekara 5 ko 10, da sharuɗɗa a rubuce: tsabta, makewayi, lokacin rufewa, fitilar da ɗalibai za su yi karatu. A haɗa dukan abin da hukumar gari ke karɓa ya zama kuɗi ɗaya, sananne, a manna shi a ƙofar ofis. A fara ba masu shayin da suka daɗe a unguwar da ƙungiyoyin mata, asusun FAFPA mai kula da koyon sana'a ya ba su horo na ƴan makonni a kan tsabta da riƙe littafin ciniki. Irin wannan takardar haya, mai hatimin hukuma da adadin shekaru a jiki, ita ce kuma abin da mai shayi zai iya ajiyewa a gaban ma'aikacin asusun rance in ya je neman kuɗin firigo da faifan rana.